Ɗan Mahauci da Bogar Wake

Ni ɗan mahauta ne gaba da baya. Kakana mahauci ne a Damagaram, mahaifina ma haka, kuma tun kafin in sauke izu ɗaya na iya bambanta naman raƙumi da na saniya da ido kawai. Da na zo Faransa na bar sana'ar gida, na koma sayar da atamfa da shadda da turare a wani ɗan shago kusa da Porte de la Chapelle, amma bakina bai bar gadon ba. A gidanmu na La Courneuve, duk ranar da aka ɗora tukunya babu nama, ni a wurina ruwan zafi aka dafa.

Ɗiyata ta fari sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa ba na kama sunanta, sai dai in ce Uwata. Tun tana 'yar shekara shida muke da wata al'ada ni da ita. Ran Asabar in na rufe shago da azahar, sai in riƙe hannunta mu tafi wani shagon halal mai sayar da boga, burodin nan mai curin nama a tsaka, da ke bayan tashar tiram, jirgin cikin gari, mu zauna kusa da taga. Ita a ba ta ƙarama, ni a ba ni mai hawa biyu, da soyayyen dankali a tsakaninmu. Haka muka yi ta yi har ta gama sakandare, ta samu jami'a a Lyon, ta koma zama wurin ƙanwata a Vénissieux.

A shekararta ta biyu a can ta zo hutu gida. Hajiya, maiɗakina, ta yi mata shinkafa da miyar naman rago. Muna cikin ci na lura tana ture naman gefen faranti, tsoka bayan tsoka. Na ɗauka ajiye shi take sai ƙarshe, yadda nake yi. Da ta gama sai ta turo mini farantin.

"Papa, ɗauki. Ni na daina cin nama."

Na ce, "Ciki ne ke damunki? Ko haƙori?"

"Lafiyata lau. Na dai daina."

"Har kaza?"

"Har kaza."

Ban tambaye ta dalili ba. Wannan sai daga baya na tuna. Abin da na yi shi ne na ajiye cokali na hau lacca. Na faɗa mata da wuƙar fawa aka ciyar da ubanta, na faɗa mata Allah ne ya halatta, na kawo tarihin kakanta da ba ta taɓa gani ba. Tana zaune tana kallon teburi. Shirun nata ya ƙara tunzura ni, sai na ce, "Turawa sun gama da ke. Yau nama, gobe kuma sai mu ji kin daina salla."

Hajiya ta ce, "Haba Alhaji."

Yarinyar ta tashi ta kwashe kwanuka, ta wanke su tas, ta shige ɗaki. Ta koma Lyon kwana biyu kafin hutun ya ƙare.

Wata uku ba ta zo ba. Tana kiran uwarta kusan kullum, ina jin dariyarsu daga ɗakin girki. In aka miƙo mini wayar sai gaisuwa: ina wuni Papa, yaya shago, to madalla, ba wa Mama. Hajiya ta ce mini ba sau ɗaya ba, "Alhaji, ka kira ta ka ba ta haƙuri, maganar nan ta yi nauyi." Ni kuwa na ce a ina aka taɓa jin uba ya durƙusa wa ɗiya. Na faɗi haka da ƙarfi, amma Asabar in ta zo sai in rasa inda zan sa kaina.

Wata Asabar ɗin ƙafata ta kai ni shagon bogar nan ni kaɗai. A jikin allo na ga sun ƙara wata sabuwa, wai marar nama. Na waiga na tabbatar babu wanda ya san ni, na saya. Na gutsura sau ɗaya, na ji kamar kwali ne aka jiƙa aka soya. A nan tunanin ya zo mini. Na ce ashe wannan abin ɗiyata take ci a Lyon. Ni da na tashi a gindin tukuba, ai in na sa kaina zan yi wadda ta fi wannan sau goma, in kai mata har can, ta ci ta san ubanta ya sauko ba tare da ya buɗe baki ya faɗa ba.

Ya kamata in bayyana cewa a duk rayuwata shayi kaɗai na iya dafawa.

Na samu bidiyon wata Baturiya a waya. Cikin minti goma ta murƙushe wake, ta cura, ta soya, tana murmushi, ko ɗigon mai bai taɓa rigarta ba. Na kalla sau biyu na ce na gane. Ran Lahadi na sanar da Hajiya cewa ina bukatar ɗakin girki, kuma ba na son taimako. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai, Alhaji?"

"Ni."

"To. Wuƙa mai baƙin ƙota dai kar ka taɓa mini ita."

Na buɗe gwangwanin jan wake biyu, na juye su cikin injin markaɗe har da ruwansu, na danna na bar shi yana ta gurnani. Da na buɗe sai ga kunu. Na ce wataƙila a wuta yake haɗuwa. Na zuba a kasko, ya bazu ya cika kaskon, ya fara tsalle yana fallatsa mini a gemu. Wanke kaskon ya fi girkin ɗaukar lokaci.

Lahadin da ta biyo baya na ce laifin waken Turawa ne. Na ɗauko namu, farin wake mai baƙin ido, na jiƙa, na surfa da hannu har yatsuna suka yi fari, na markaɗa da albasa da attaruhu. Na cika kasko da mai, na riƙa sakawa. Suka taso, suka kumbura, suka yi ja gwanin sha'awa. Na sa ɗaya a tsakanin burodi da latas, na kai wa Hajiya a falo kamar mai kai wa sarki gaisuwa. Ta gutsura, ta tauna a hankali.

"Alhaji, ai ƙosai ka yi."

"Boga ce."

"Ƙosai ne. Mai kyau kuwa, wallahi. Da akwai koko da mun karya."

A karo na uku na yi maganin ruwa da gari. Na yi ta zuba fulawa har ƙullun ya daina manne mini a hannu. Wannan kam bai watse ba. Da ya huce na sa wuƙa, wuƙar ta goce. Na farfasa ɗaya da ƙyar na watsa wa tantabarun da ke taruwa a bakin gininmu. Suka sauko, suka zagaya shi, suka tashi.

Daga nan na haɗiye girman kai na koma shagon boga. Mai shagon wani dattijo ne ɗan Tunisiya, ya san ni shekara da shekaru. Na jira mutane suka ragu, na ce masa wani abokina ne yake son koyon bogar wake. Ya dubi ƙunar da ke bayan hannuna, ya ce in gaya wa abokin nawa ya tsane waken sosai, ya shanya shi a tsumma, ya murƙushe da cokali mai yatsu ba da inji ba, ya bar wasu da ɗan gari-gari. Ya sa garin busasshen burodi da ƙwai ɗaya, ya cura da faɗi kuma siriri, ya sa a firigo, na'urar sanyaya abinci, ya kwana. Kasko ya yi zafi, mai kaɗan. Ya gasa cikin burodin da man shanu. In ya haɗa, ya naɗe a takarda ya bar ta minti biyu, tururin ya tausasa komai.

"Miya kuma mayonez ce da ketcaf da ɗan mutad, wannan mai ruwan ɗorawa mai ɗan yaji, da yankakken kokwamba mai tsami," in ji shi. "Alhaji, yawancin masu zuwa nan ba naman suke ji ba. Miya ce da burodi mai laushi."

Wannan magana ta ɓata mini rai a matsayina na ɗan mahauta, amma na rubuta ta a bayan wata takardar shago.

Na bi abin da ya ce, curin ya tsaya. Sai dai in ka ci, wake ne sak, wake da ya sa rigar aro. Ina tsaye ina taunawa sai tukubar mahaifina ta faɗo mini a rai. Na tuna tsiren da muke yi rabin daɗinsa daga yaji yake da kuma bakin wuta. Na nemo ƙuliƙuli a wurin wata mata 'yar Maraɗi da ke kawo kayan gida, na daka da citta da barkono da masoro. Na daka 'yar daddawa. Baturiyar bidiyo ta sa abin da suke kira champignon, wannan tsiron mai kama da lema da mu muke ce wa naman kaza, na sayo shi ma na yanka ƙanana na soya da albasa har ruwansa ya ƙone. A kan kantar Hajiya kuma na ga wani jan kwali na dunƙulen miya, na ɓare biyu na murmushe a ƙullun, na ƙara biyu a yajin. Ba na sa tabarau a ɗakin girki, saboda tururi yana rufe shi.

Ranar da na gasa wannan, ƙamshi ya kai har matakala. Bayansa ya yi ɓawo mai duhu, cikinsa da laushi. Na ɗora yankan cuku ya narke, na jera tumatir da latas da albasa, na shafa miya, na naɗe a takarda, na tsaya ina kallon agogo minti biyu cur. Hajiya ta ci rabi, sannan ta ce, "Ikon Allah. Wannan kam kamar nama."

Ban ƙara taka ƙasa daidai ba a satin nan. Bayan sallar Juma'a na tare mutum uku a ƙofar masallaci na ba su labari, har da wanda gaisawa kawai muke yi. Na kira ƙanwata na ce ina nan tafe ran Asabar, ta shirya mini kasko.

"Yaya, kai za ka yi girki? Me ka sa a ciki?"

Na lissafa mata: wake, ƙuli, daddawa, naman kaza.

"Naman kaza? Ai ba ta cin kaza, Yaya. Duk wahalar nan a banza."

"Ba kaza mai fuka-fuki ba. Naman kaza na ƙasa, mai fitowa da damina."

"Wannan da Inna take hana mu taɓawa? Kashe yarinyar za ka yi?"

Sai da na yi mata rantsuwa cewa a kanti na saya, a cikin roba, da ranar lalacewarsa a jiki.

Ran Asabar da sassafe na sa shaddata mafi kyau, ruwan sararin samaniya, na jera curi takwas a roba da takarda tsakaninsu, na sa a jakar ƙanƙara. Na haɗa da burodi, da kwalbar miya, da yajin, da jan kwalin nan ko za a bukaci ƙari. A jirgin ƙasa na ƙi ɗora jakar a sama. Awa biyu tana kan cinyata, sanyi ya ratsa shadda ya kama gwiwoyina. Matar da ke kusa da ni ta tambaya ko magani ne a ciki, na ce mata kusan haka.

Daga tasha na shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na sauka na hau tiram zuwa Minguettes. Ƙanwata tana hawa na tara. Mijinta, mutum mai fara'a da ke aiki a wani babban sito, yana gida ranar. Muka gaisa, aka tambayi mutanen Paris ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar ta tafi ɗakin karatu, sai ƙarfe ɗaya za ta dawo. An gaya mata ina zuwa, ba a gaya mata da me na zo ba.

Ƙanwata tana fitar da kaya daga jaka tana jerawa, sai ta tsaya da jan kwalin a hannu.

"Yaya, wannan fa?"

"Dunƙulen miya ne. Shi ne ya ɗaga ɗanɗanon."

"Sa tabarau ka duba."

Na sa. A gaban kwalin ga kan saniya nan, ƙatuwa, da ƙahoni, tana kallona. Na juya bayansa na karanta ƙananan rubutun da yatsa. Kitsen shanu. Romon naman shanu. Halal ne, an rubuta da manyan baƙi, amma saniya ce. Sati guda ina yawo ina cewa na mai da wake nama, ashe saniyar tana ciki tun farko.

Na nemi kujera na zauna.

Ƙanwata ta rage murya. "Ɗan mitsitsi ne fa, Yaya. Biyu a cikin curi takwas. Ni ba zan faɗa ba. Kawo in jefa kwalin a shara."

Zan so in ce nan take na ƙi. Ban ƙi ba. Na ce mata ta ɓoye kwalin, na tashi na ɗora kasko, na zuba mai, har na ɗauko curi ɗaya a tafin hannuna. Ya yi kyau, zagayayye, gefensa sumul. Ina riƙe da shi sai na tuna wata safiya a kasuwa, wani mutum ya zo neman naman rago don maijego, namu ya ƙare sai na akuya. Ina yaro na ce wa mahaifina ai mutumin ba zai gane ba. Ya nuna wa mutumin rumfar maƙwabcinmu, sannan ya murɗe mini kunne har na ga taurari. Ban da wannan kuma, akwai tsoro. Yarinyar nan hancin kakanta ta gado. In ta gane, na tashi daga uba mai zafin baki na koma uba maƙaryaci.

Na mayar da curin cikin roba. Na ce, "Me kike da shi a kabad?"

Ƙarfe goma sha biyu ta wuce. Muka samu gwangwanin jan wake biyu, albasa, ƙwai, daddawa, da guntun burodin jiya. Naman kaza babu. Na miƙa hannu zan ɗauki yajina, sai na tuna shi ma saniyar tana ciki. Na tsane waken a gurguje, na murƙushe, na goga busasshen burodin a magogi har da ɗan fatar yatsana. Babu lokacin sa shi a firigo ya kwana, ko gyangyaɗi bai samu ya yi ba. Ƙanwata ta ɗaura mini gyauton girkinta mai furanni a kan shadda. Garin gaggawa, daddawa ta zuba fiye da yadda na so.

Curin farko ya kwanta a kasko lafiya. Na sa cokali zan juya, ya rabu uku. Na tattara shi na danne, ya rabu biyar. Ina cikin bin gutsattsarin nan ina haɗa su kamar mai kora kaji, na ji an buɗe ƙofa.

Ta tsaya a bakin ɗakin girki da jakar littattafai a kafaɗa. Ta rame kaɗan, ko kuwa idona ne. Ta dubi gyauton furanni, ta dubi kaskon, sannan ta ɗan rusuna.

"Papa, ina wuni. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau, Uwata. Yaya karatu?"

"Alhamdu lillahi. Yaya Mama?"

"Tana gaishe ki. Je ki wanke hannu."

Na kwashe abin da ya samu da cokali na tara a kan burodi, na rufa masa asiri da cuku da latas, na naɗe a takarda. Su kuma curin Paris, ƙanwata ta ce ba za a zubar da abinci a gidanta ba, ta karɓi kaskon ta gasa su. Aka jera a teburi, namu a tire ɗaya, na yarinyar a faranti daban.

Ta buɗe takardar, ta ɗaga bogar da hannu biyu, ta kai baki. Tana gutsura ta gaba, duk abin da ke ciki ya fice ta baya ya zube a faranti. Aka bar ta da burodi da ganyen latas. Sai mijin ƙanwata, wanda bai san komai ba, ya yi magana bakinsa cike.

"Alhaji, wallahi wannan ta fi ta kanti! Ka ce babu nama a ciki?"

Yarinyar ta dubi tasa da ke tsaye kyam, ta dubi tata. "Me ya sa tawa ta bambanta?"

Ƙanwata ta tashi ta ɗauko jan kwalin daga inda ta ɓoye shi, ta dire a tsakiyar teburi, saniyar tana fuskantar kowa. Ta ba da labarin duka, da ƙosai, da tantabaru, don Hajiya ta riga ta kwashe komai ta gaya mata a waya. Har yadda na ɗora kasko na riƙe curi ina shawara da Shaiɗan ba ta rage ba.

Yarinyar ta rufe baki da hannu. Kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi dariya har ta kifa kai a teburi, ta ɗago da hawaye. Cikin Faransanci ta ce ta kasa dainawa, ta sake kifawa. Da ta lafa ta tashi ta ɗauko cokali, ta zauna ta cinye abin da ya zube tas, tana haɗawa da burodin.

Na kasa haƙuri na ce, "Yaya kika ji?"

"Daddawa ta yi yawa, Papa. Gishiri kuma babu."

"Gaggawa ce."

"Amma me ya sa boga?"

"Ai ita kike so. Duk Asabar ita muke ci."

Ta dubi ƙanwata, ta dube ni. "Papa, ni tun ina aji ɗaya a sakandare ta fita raina. Kai ne kake so. In mun je fuskarka har haske take yi, shi ya sa ban faɗa ba."

Mijin ƙanwata ya ƙware, sai da aka ba shi ruwa.

Da la'asar ta raka ni tashar tiram. Muka sauko ta matakala don na'urar hawa ta tsaya a wani bene. A hanya, tsakanin dogayen gine-ginen nan, na yi tambayar da ya kamata in yi wata uku da suka wuce. Ta ce karatunsu na harkar abinci ne, an tura su koyon aiki na wata ɗaya a wata masana'antar kaji. Ta ga yadda ake rataye su da ƙafa a sarƙa suna tafiya, dubbai, tun safe har yamma, wasu ƙafafun a karye tun daga mota. Ta ce ranar da ta gama ta zauna gaban farantin kaza, ta kasa ci. Ta jira abin ya wuce, bai wuce ba, har ya haɗa da sauran nama.

"Ban ce haram ne ba, Papa. Ban ce sana'ar kakana ba ta da kyau ba. Na san shi dabba ɗaya yake kayarwa, ya san ta, ya ba ta ruwa. Ni dai na kasa."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ba ka tambaya ba."

Muka ƙara 'yar tafiya. Na shirya kalmomi masu kyau tun a jirgi, duk suka gudu. Abin da ya fito shi ne, "Maganar salla da na yi. Bakina ne ya riga hankalina."

"Ta yi mini ciwo sosai."

"Na sani."

Tiram ya iso. Ta karɓi jakar ƙanƙarar ta riƙe mini har na hau, ta miƙo ta, ta ce in gaida Mama, kuma akwai wake a gemuna.

Wata guda bayan nan ta zo gida. Na ce zan sake gwadawa, Hajiya ta ce in zauna in huta. Ta shiga ɗakin girki, ba bidiyo ba takarda, cikin rabin awa ta fito da boga shida, babu saniya a ko ɗaya, kuma babu wadda ta watse. Na tambaye ta sirrin. Ta ce, "Kai ba ka barin abu ya gasu. Kana sawa sai juyi, sai danna, sai leƙe. Ka ajiye shi ka cire hannunka." Na ce ai ni na share mata hanya. Ta ce haka ne, Alhaji.

Da babbar salla na yi layya kamar kullum, aka kawo ragon daga mayanka a yanke, gida ya cika da baƙi. Yarinyar ta taya uwarta aiki tun safe, ta zuba shinkafarta da wake da soyayyar albasa ta zauna cikinmu. Wani abokin kasuwancina, Alhaji ne babba daga Tawa, ya leƙa farantinta ya ce, "A'a, jikar mahauta da wake ranar salla? Wannan wane irin zamani ne?"

Kafin ta amsa na karɓe zancen. Na gyara zama na yi masa bayanin masana'antar kaji, da sarƙa, da karyayyun ƙafafu, kamar ni na yi wata guda a can. Na ce masa mutum ba ya yanke hukunci sai ya tambaya. Na kawo masa amfanin wake a jikin ɗan Adam. Muryata ta yi sama, ina nuna shi da abin da ke hannuna ina jaddada kowace magana. Sai na ji an taɓa mini hannun riga.

"Papa," ta ce a hankali, "ajiye haƙarƙarin tukuna. Mai yana ɗiga a kan kafet."